Haƙorin Hankali Ya Kumbura: Yaushe Ake Shan Antibayotik, Kuma Yaya Ake Shansa

Haƙoran hankali su ne turame huɗu na can ƙuryar baki, biyu a sama biyu a ƙasa. Su ne autan haƙora, don galibi sai mutum ya kai shekara 17 zuwa 25 suke tsirowa. Wanda ya yi sa'a nasa su fito tsaf su jeru da 'yan'uwansu, bai ma san ranar da suka iso ba. Wani kuwa kafin su zo muƙamuƙi ya riga ya cika, sai haƙorin ya fito rabi ya tsaya, ko ya karkace ya jingina da na gabansa. Na ƙasa su suka fi yin haka. Rabin da bai fito ba wata 'yar fatar dasashi ce ke lulluɓe da shi, kuma tsakanin fatar da haƙorin akwai lungun da buroshi ba ya kaiwa, balle asuwaki. Nan ɓurɓushin tuwo da zaren nama suke maƙalewa, ƙwayoyin cuta su samu ɗumi da abinci su hayayyafa. Dasashi ya kumbura, turmin sama ya riƙa sauka a kansa duk sanda aka tauna, kumburin ya ƙaru.

A nan Jos, da hunturu ya kankama, kowane ciwo sanyi ake ɗora wa laifinsa. Gaskiya ne sanyi kan tayar da zogin haƙori mai rami, amma ba ya haifar da mugunya. In an naɗe kunci da ƙyalle an ga ba sauƙi, sai a nufi kemis a sayo kafso, a sha kwana biyu, a ji dama-dama, a ajiye sauran. Bayan wata biyu ko uku ciwo ya dawo, a sake komawa. Akwai matasan da suka shekara suna wannan zagaye, kuma abin yana damuna, domin wasu a ƙarshe sai a gadon asibiti ake ganinsu wuya a kumbure.

Antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, yana da ranarsa, kuma a ranar yana ceton rai. Amma ba shi ke warkar da haƙorin hankali ba. Aikinsa ya tare cutar kada ta bazu cikin fuska da wuya da jini. Lungun da ke tara ƙazanta kuwa yana nan inda yake. Kamar kwatar da ta toshe ce: ko jarkar Izal guda ka juye mata, wari ne kawai zai lafa, ruwa ba zai wuce ba sai an sa hannu an yashe ta.

Fara da duba bakin da kanka

Wanke hannu da sabulu, ka tsaya gaban madubi da fitilar waya. Ka sa marikin cokali mai tsabta ka ɗan janye kunci gefe. Idan lungun dasashi ne ya harbu, za ka ga fatar da ke kan haƙorin ƙarshe ta yi ja ta tasa, wani lokaci har da shatin haƙorin sama a kanta. In ka ɗan danna gefenta, mugunya fara ko ruwan ɗorawa kan ɓullo, ka ji ɗanɗano mara daɗi da wari. Zogin yakan haura kunne da gefen kai, shi ya sa wasu ke ta ɗiga maganin kunne alhali kunnen lafiyarsa lau.

Akwai kuma nau'i na biyu: haƙorin ya ruɓe ya yi rami har cutar ta kai jijiyarsa, ta tara mugunya a gindin saiwa. Wannan yana bugawa kamar zuciya, ya fi tsanani da dare idan an kwanta, kuma ko harshe ne ya taɓa haƙorin sai ka ji har ƙwaƙwalwa.

Sai gwaje-gwaje uku da za su nuna maka inda ka tsaya. Ka jera yatsu uku a tsaye ka sa tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa; mai lafiya suna shiga. In biyu ma da ƙyar, kumburin ya fara kama naman da ke buɗe muƙamuƙi. Ka shafa ƙarƙashin muƙamuƙi da gefen wuya ka ji ko kaluluwa ta fito. Sannan ka auna zafin jiki da ma'auni, ba da bayan hannu ba. Daga digiri 38 zuwa sama zazzaɓi ne.

Ka san matakin da ciwon ya kai

Idan zafin a wuri ɗaya yake, dasashi ne kawai ya kumbura, baki na buɗuwa, ba zazzaɓi, kana cin abincinka ko da a gefe guda ne, to ba ka buƙatar antibayotik. Wanke lungun da shan maganin rage zafi sun wadatar kafin ka ga likitan haƙori cikin 'yan kwanaki. Mutane ba sa son jin wannan, amma haka likitocin haƙori suke koyarwa. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2019 cewa mafi yawan ciwon haƙori a jikin babba mai lafiya aikin hannu yake so, ba antibayotik ba.

Idan kuwa kunci ya kumbura har ana gani daga waje, ko akwai zazzaɓi da kasala, ko kaluluwa, ko baki ya fara ƙin buɗuwa, cutar ta tsallake lungunta. Nan ne antibayotik ke shigowa, kuma likita za ka gani yau ko gobe da sassafe. Haka ma mai ciwon suga, da mai sikila, da mai ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki, da wanda ake yi wa maganin daji: su ko kumburin kaɗan ne kada su jira, domin jikinsu ba ya tare cuta kamar na sauran mutane. Mai suga musamman, mugunya na hau da sugansa, sugan kuma na ciyar da cutar.

Mataki na uku shi ne wanda nake roƙon kowa ya haddace, ya kuma faɗa wa na gida. Saiwar turamen ƙasa tana kusa da wasu gurabe masu taushi a ƙarƙashin harshe da haɓa da gefen maƙogwaro. Idan mugunya ta samu hanya ta gangara can, kumburin yakan kama ƙarƙashin haɓa dama da hagu, ya yi tauri kamar katako, ya tura harshe sama da baya har ya nemi toshe hanyar numfashi. Likitoci na kiransa da sunan Ludwig, wani likitan Jamus da ya bayyana shi a 1836, kuma har yau yana kisa, wani lokaci cikin sa'o'i. Alamominsa: haɗiyar yawu ta gagara har yana dalala, murya ta canza kamar mai magana da dankali mai zafi a baki, mutum ya kasa kwanciya rigingine sai a zaune, numfashi ya yi nauyi ko ya riƙa ƙara. A haɗa da waɗannan: kumburin da ya haura ya fara rufe ido, zazzaɓi mai karkarwa, ko mara lafiya ya fara sambatu. Ko ɗaya aka gani, ba maganar kemis, ba maganar a bari gari ya waye. A sa shi a mota ko Keke a zaune, kada a kwantar da shi, a nufi sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ko Asibitin Jankwano. Can za a kula da numfashinsa, a ba shi magani ta jijiya, a tsaga a fitar da mugunya. Ƙwayar haɗiya ba ta isa wannan yaƙin ba, mai ciwon ma ba zai iya haɗiye ta ba.

Abin da za ka yi a gida kafin ka ga likita

Ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi, ɗumin da za ka iya sha. Ka guntsa, ka karkatar da kai ɓangaren da ke ciwo, ka riƙe ruwan a kan wurin kamar rabin minti kana ɗan motsa shi, ka tofar. Ka yi ta yi har kofin ya ƙare, bayan kowane cin abinci da kafin barci. In ka samu ruwan kurkure baki mai kilohekzidin, irin su Corsodyl, mililita 10 sau biyu a rana na minti guda ya isa. A bar rabin awa tsakaninsa da makilin, kuma kada a wuce mako ɗaya zuwa biyu, domin yana rina haƙora.

Kada ka daina goge wurin don yana zafi ko yana jini. Da buroshi mai laushi, mai ƙaramin kai, a hankali. Barin wurin shi ke ƙara masa ƙazanta.

Maganin zafi ga babba: farasitamol ƙwaya biyu masu miligiram 500, kowane awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas cikin awa 24. Ibufurofen, wato irin su Brufen, miligiram 400 har sau uku a rana bayan an ci abinci; shi ya fi kama ciwon haƙori don yana rage kumburi, kuma ana iya haɗa shi da farasitamol. Amma mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mai asma da irin wannan magani ke tayar masa, da mai juna biyu, su tsaya a farasitamol. Kada a haɗa ibufurofen da diklofenak ko firoksikam, dangi ɗaya ne, cikinka ne zai biya kuɗin. Ka kuma karanta jikin kwali, don magungunan mura da na ciwon jiki da yawa akwai farasitamol a cikinsu. Mutum na iya wuce ƙima bai sani ba, hanta ta taɓu.

Abubuwan da zafin ciwo ke sa mutane yi, a guje su. Ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi ƙona shi take yi ya yi fari ya saɓule. Ruwan batir, fetur, kanwa, garin taba, duk ƙuna ce a kan ciwo. Gasa kumburarren kunci da tsumma mai zafi na iya jawo mugunyar ta yo waje ta fata. Kada kuma a tsokane kumburin da allura ko tsinke. Kanumfari yana ɗan kashe zogi na wani lokaci, ba laifi a ɗan tauna, amma iyakarsa ke nan. Masu zagayawa kasuwa suna cewa za su fitar da tsutsar haƙori kuwa, babu tsutsa a cikin haƙori.

A gaban likitan haƙori

Likitan haƙori mai rajista za ka nema, a asibitin gwamnati ko na kuɗi. Mai cire haƙori a bakin titi da kayan da ba a dafa ba zai iya barin ka da guntun saiwa da ciwon hanta a kai.

Kafin ya rubuta komai, ka gaya masa abu huɗu ko bai tambaya ba. Ko wani magani ya taɓa fesa maka ƙuraje, ko ya kumbura maka fuska, ko ya sa numfashinka ya sarƙe. Cututtukan da kake da su. Magungunan da kake sha kullum, musamman na tsinka jini irin warfarin, har da na gargajiya. Da kuma abin da ka riga ka sha don wannan ciwon. In da hali ka tafi da kwalin ko ledar. Kada kunya ta sa ka ce ba ka sha komai ba, don da wannan bayanin zai zaɓi abin da zai ba ka. 'Yar'uwa, in kina da ciki, ko kina zaton akwai, ko kina shayarwa, ki faɗa tun farko. Ciki ba ya hana a duba haƙori ko a yi masa aiki. Barin mugunya a baki ya fi haɗari gare ki da abin da ke cikinki.

Aikin farko da zai yi ɗan ƙarami ne. Zai ɗauko sirinji mai lanƙwasasshen baki mara tsini, ya cika da ruwan gishirin asibiti, ya ce, "Malam, ɗan ƙara buɗewa, ka yi haƙuri kaɗan." Ya zura bakin a hankali ƙarƙashin fatar ya fesa. Abin da ke fitowa sai ka gani: ruwa mai toka-toka, guntun ƙashin kifi ko ɓawon gyaɗa da ya kwana biyu a ciki, da warin da kai kanka za ka kau da kai. Ya maimaita har ruwan ya dawo garau. Mutane da dama tun kafin su isa gida suke jin nauyin ya ragu. In mugunya ta taru wuri guda, zai kashe wurin da allura ya ɗan tsaga ta fita. In turmin sama ne ke cizon fatar, yana iya goge tsininsa ko ya ba da shawarar cire shi. Zai kuma so a ɗauki hoton haƙorin don ya ga yadda ya kwanta da kusancin saiwarsa da jijiyar muƙamuƙi.

Idan an rubuta maka antibayotik

Ƙwayoyin cutar da ke wannan lungu gauraye suke, kuma da yawansu irin waɗanda ke rayuwa inda babu iska ne. Shi ya sa magunguna biyu suka fi fitowa a takardar likita. Metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl, miligiram 400 sau uku a rana. Ko amoksisilin, irin su Amoxil, miligiram 500 sau uku a rana. Ga kumburin dasashin haƙorin hankali kwana uku kan wadatar idan an wanke wurin. Ga mugunyar gindin saiwa akan kai kwana biyar, wani lokaci bakwai. In ciwon ya yi ƙarfi likita na iya haɗa biyun, ko ya ba da Augmentin. Na kawo waɗannan adadi ne don ka gane abin da ke takardarka ka kuma iya tambaya, ba don ka rubuta wa kanka ba. Awon babba ne mai lafiyayyar ƙoda da hanta. Na yaro da na mai wata cuta daban yake.

Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin ya sani cewa Amoxil da Augmentin da Ampiclox duk gida ɗaya suka fito. In ɗaya ya taɓa yi maka illa, sauran ma za su iya. Irin wannan akan ba shi metronidazol, ko kilindamaisin, ko wani da likita ya ga ya dace.

Kowa ya san yadda ake yi a kantin magani na unguwa. Saurayi ya shigo dafe da kunci: "Yallaɓai, haƙori ya hana ni barci, a haɗa min na dubu ɗaya." A ɓallo kafso biyu daga wannan kati, uku daga wancan, a ƙara 'yan ƙanana farare da wata ruwan hoda, a ƙulle a leda: "Ka sha biyu yanzu, biyu da dare." Babu suna, babu awo, babu tambayar ko yana da gyambon ciki. Sau da yawa a irin wannan haɗi akwai maganin zafi iri biyu masu cin ciki, wani lokaci da irin su deksametazon, wanda ke saukar da kumburi a ido alhali yana raunana garkuwar jiki yana kuma hau da suga. Antibayotik ɗin da ke ciki kuwa bai kai na kwana biyu ba. Wannan ya isa ya kashe raunanan ƙwayoyin cuta ya bar masu taurin kai su gaje wurin. Ba na zargin mai kantin shi kaɗai. Abin da aljihun yaron zai iya ya ba shi. Amma in kuɗinka ba su kai na cikakken magani ba, gara ka sayi farasitamol da gishiri, ka kai sauran wurin yankar kati a asibiti.

Ba kowane antibayotik ne kuma ya dace da baki ba. Sifurofuloksasin da ake sha don taifot ba ya kama ƙwayoyin wannan lungu da kyau. Kafson nan ja da rawaya, tetirasaikilin, yana rina haƙoran yara har abada, kuma ba a ba mai ciki. Ampiclox rabinsa an yi shi ne don wata ƙwayar cuta da ta fi zama a fata. Ragowar maganin da matarka ta sha bayan haihuwa, ko na abokin ɗakinka, ba naka ba ne.

Ka sayi maganin a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin ka kankare ka tura lambar don tabbatar da ingancinsa. Ka sayi na kwanakin duka a lokaci guda, don wanda ya ce zai dawo gobe ya ƙarasa ba kasafai yake dawowa ba.

"Sau uku a rana" na nufin kowane awa takwas, ba safe da rana da yamma a cunkushe ba. Shida na safe, biyu na rana, goma na dare; ka sa ƙararrawa a waya. Dalili shi ne maganin ya zauna a jini ba yankewa. In ka manta, ka sha da zarar ka tuna, sai dai in lokacin na gaba ya kusa, to ka tsallake. Kada ka ninka. In a watan azumi ne, ka gaya wa likita tun kafin ya rubuta. Kada ka tattara na yini guda ka shanye tsakanin buɗa-baki da sahur bisa ra'ayin kanka. Wanda zazzaɓi da kumburin fuska suka kama mara lafiya ne, kuma addini ya yi masa rangwame ya rama daga baya.

Flagyl a sha shi da abinci ko bayansa, da cikakken kofin ruwa. Yana sa ɗanɗanon ƙarfe a baki, da ɗan tashin zuciya, fitsari ma kan yi duhu. Waɗannan ba abin tsoro ba ne. Amma ba ya haɗuwa da barasa ko kaɗan, giya ce ko burkutu ko ruwan magani mai ɗaci na kwalba da ake jiƙawa da ita, har sai an yi awa 48 da gama shi. Yana kuma ƙara wa warfarin ƙarfi har jini ya ƙi tsayawa. Amoksisilin kan ɗan saki ciki, mata kuma wani lokaci ya jawo musu ƙaiƙayin gaba. Abin da zai sa ka dakata nan take ka nufi asibiti shi ne ƙuraje masu ƙaiƙayi da suka feso, leɓe ko fuska ko harshe su kumbura, ko numfashi ya sarƙe. Haka ma gudawa mai yawa kamar ruwa ko mai jini, musamman ga mai shan kilindamaisin.

Cikin awa 48 zuwa 72 ya kamata ka ga canji: zazzaɓi ya sauka, baki ya ƙara buɗuwa, kumburi ya fara saki. In kwana uku sun cika ba sauƙi, ko abin na gaba, kada ka ce maganin ne ba shi da ƙarfi ka je neman wanda ya fi tsada. Mafi yawan lokuta mugunya ce ta taru a inda jini ba ya kai magani, sai an buɗe mata hanya. Koma wurin likita. In kuwa ka ji sauƙi, ka cika kwanakin da aka rubuta. Likita ne zai ce a tsaya ko a ƙara, kuma kada ka ajiye ragowa don gaba.

Wannan taka-tsantsan ba don kai kaɗai ba ne. Duk shan da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana koya wa ƙwayoyin cuta jure magani, su kuma ba sa zama a jikin mutum ɗaya. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani, in an auna da yawan jama'a, shi ne namu na yammacin Afirka. Amoksisilin ɗin da ake watsa wa ciwon haƙorin da bai buƙace shi ba, shi ne dai ake nema ranar da jariri ya kamu da ciwon huhu.

Bayan kumburi ya sauka

Nan ne akasari ake yin sakaci. Zafi ya tafi, an koma makaranta ko kasuwa, ranar da likita ya ce a dawo ta wuce. Ka koma.

Ba kowane haƙorin hankali ake cirewa ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce tun shekarar 2000 kada a cire wanda ba ya ciwo don tsoron gaba kawai. In karo na farko ne, bai yi tsanani ba, kuma hoto ya nuna haƙorin a miƙe yake da sauran wurin fitowa, ana iya barin sa a ci gaba da tsabtace lungun. Amma in ya kumbura sau biyu ko fiye, ko karon farkon ya yi muni, ko ya ruɓe, ko ya kwanta yana ɓata na gabansa, cirewa ce maganinsa. Ba dole ba ne kuma sai kumburi ya baje sarai. In baki na buɗuwa kuma allura za ta kama, likita na iya cirewa a lokacin.

Maganar da ake yaɗawa cewa cire haƙorin sama na makantar da ido ba ta da tushe. Haɗarin da yake na gaske, wanda likita zai gaya maka, shi ne jijiyar da ke ba leɓen ƙasa da haɓa ji, da wadda ke gefen harshe, suna wucewa kusa da turmin ƙasa. Wani lokaci sukan taɓu wurin ya yi dindiris. Galibi yana warwarewa cikin makonni ko watanni, a wasu 'yan kaɗan ya daɗe. Amfanin hoton ke nan. Aikin kansa da allurar kashe wuri ake yi, kana farke. Za ka ji dannawa da girgiza, ba za ka ji yanka ba. In haƙorin a kwance yake, akan ɗan buɗe dasashi a raba shi gida biyu ko uku a fitar, a ɗinke. Ka ci abinci kafin ka je, mai hawan jini da mai suga su sha maganinsu kamar kullum sai in likita ya ce akasin haka.

Bayan an cire, ka cije audugar da aka sa maka sosai na rabin awa. Ranar farko ba kurkure baki, ba yawan tofar da yawu, ba zuƙar abin sha da tsinke, ba shayi mai zafi. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa, in ya fita ƙashi ya zauna a buɗe. Kunu mai ɗumi-ɗumi, fate, dankalin turawa da aka dafa ya yi laushi, su za ka ci, a ɗaya gefen. Washegari ka fara ruwan gishiri a hankali. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana uku, mako guda ya fi. Kumburi kan kai ƙololuwarsa a kwana na biyu zuwa na uku sannan ya fara sauka, kuma mai lafiya ba lalle ne a ba shi antibayotik bayan cirewa ba.

In a kwana na uku ko na huɗu zafi ya dawo ya fi na da, yana harbawa zuwa kunne, da wari, ka leƙa ka ga ramin fayau babu daskararren jini, murfin ne ya fita. Antibayotik ba ya maganin wannan. Ka koma a wanke ramin a cusa masa magani, yawanci cikin awanni zafin ke lafawa. In kuma jini ya ƙi tsayawa bayan ka cije tsabtataccen ƙyalle na rabin awa har sau biyu, ko zazzaɓi ya taso, ko kumburi na ƙaruwa bayan kwana uku, ranar za ka koma asibiti, kada ka jira ranar cire zare.